Danƙo, Tarko da Guba: Yadda Manoman Kewayen Yamai Ke Fama da Janbaki da Kusu

Manomin kewayen Yamai ba shi kaɗai ke jiran amfanin gonarsa ba. Ranar da ya zuba iri a rami, akwai mai tono shi da dare. Ranar da hatsi ya fid da kai, akwai mai sauka a kan zangarniya tun rana ba ta fito ba. Bayan an ɗaure dammuna an kai rumbu kuma, akwai mai bi ta ƙasa ya huda ya shiga. Shi ya sa harbin tsuntsu da ɗana tarko da haƙar rami suke cikin aikin gona a karkara, tare da shuka da noma da girbi, ko da yake yara da samari ne suka fi yin su.

Abin da ba a cika tsayawa a tambaya ba shi ne: ina iyakar amfanin wannan farauta? Wace dabba ce ɓarauniya, wace ce mai gadi? Me ya sa kuma, bayan shekara sittin ana feshi ana zuba guba, janbaki da kusu suna nan daram? Ra'ayina a fili yake. Farautar masu ɓarna halal ce, tana kare gona, tana kawo nama. Amma duk wanda ya ɗaura aniyar shafe su daga doron ƙasa zai ƙarar da kuɗinsa da lafiyarsa da masu taimakonsa, su kuwa su dawo baɗi. Abin da ake iyawa, wanda kuma ya kamata a sa a gaba, shi ne tsare amfanin gona a 'yan makonnin da yake cikin haɗari.

Tudu da bakin kogi

Noma iri biyu ne ya kewaye Yamai, kowanne da nasa ɓarayi. A tudu, cikin jigawar da ta miƙa wajen Hamdallay da Baleyara, hatsi da wake ake yi, da ruwan sama wanda bai cika wuce milimita 600 a shekara ba. A bakin kogin Isa, wanda 'yan Najeriya ke kira Kwara, akwai filayen shinkafa na ban-ruwa irin su Saga da Kirkisoy da Libore da Ndunga, ƙarƙashin kulawar hukumar ONAHA da aka kafa a 1978, inda ake girbi sau biyu a shekara. Tsakaninsu ga garake na albasa da salak da kabeji a Gamkalle da Yantala da Lamorde.

A tudu, ɓarna tana farawa tun daga shuka. Akwai ƙaramin kusun daji mai launin yashi da dogon bindi, wanda masana ke kira Gerbillus nigeriae. Da dare yake bin layin shuka rami-rami yana tone ƙwaya. Wanda ya yi binne kafin saukar ruwa shi ya fi shan wahalarsa, domin irin yakan daɗe a ƙasa bai tsiro ba. Manomin da ya sake shuka sau biyu ko uku ya yi asarar iri, ya kuma yi asarar kwanakin damina waɗanda ba a sayensu a kasuwa. Kurege yana tone gujiya da rana tsaka. Zomo yana yagar ganyen wake. Fakara da zabin daji da kurciya suna tsince abin da ya fito fili.

A bakin kogi kuwa, ɓeran ciyawa, wanda ake kira Arvicanthis niloticus, ba ya jiran dare. Yana datse karan shinkafa, yana kuma haƙa ramuka a jikin madatsai da hanyoyin ruwa har su riƙa yoyo. Gafiya tana shiga garake ta kwashi abin da kumatunta za su iya ɗauka ta kai raminta. Sai babban cikinsu, janbaki, da ɗan uwansa mai ruwan ɗorawa, dangin gwara, wanda ake kira Passer luteus, wanda ya daɗe yana addabar manoman hatsi a Nijar.

Janbaki ɗan tsuntsu ne da nauyinsa bai cika wuce giram 20 ba, amma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. An ƙiyasta yawansa a Afirka ya kai biliyan ɗaya da rabi, babu tsuntsun daji da ya kai shi yawa a duniya. Lissafin da aka saba yi shi ne kowane ɗaya yana iya cin giram 10 a yini. Ke nan garke mai miliyan 2 zai iya lamushe tan 20, buhu 200 na kilo ɗari-ɗari, kafin rana ta faɗi. A kwarin kogin Senegal, inda ake noman shinkafa irin na Saga, wani bincike da ya auna daminun 2003 zuwa 2007 ya gano tsuntsaye na cinye kimanin kashi 13 cikin ɗari na amfanin da ya kamata a samu, asarar da ta kai kusan sefa biliyan 3 a shekara. Kuma wannan matsakaici ne. Tsuntsu ba ya raba ɓarnarsa daidai: wani ya girbe gonarsa cif, maƙwabcinsa ya tashi da kara.

Gadin gona da haƙar rami

Wanda ya bi ta filayen shinkafa lokacin da ta fid da kai zai ga yadda ake yaƙin. A tsakiyar fili an kafa 'yar rumfa a kan itace huɗu. Daga rumfar igiyoyi sun miƙa zuwa turakun da ke gefe-gefe, an rataya musu gwangwanaye da tsakuwa a ciki, da ledoji, da tsummokara. Yaro yana bisa rumfar tun bayan asuba, danƙo a wuya, ƙullutun laka busassu a aljihu. Da ya hango baƙin garke ya karyo daga itatuwan bakin ruwa, sai ya fizgi igiya, gwangwanaye su ɗauki kuwwa, shi ma ya kwarma ihu. Garken ya tashi, ya yi kwana, ya sauka a gonar da ba kowa. Da hantsi su lafa, da la'asar su dawo. Haka za a yi kullum har a sa lauje, wata guda ko fiye.

Wannan aiki yana da amfani, domin gonar da ake gadi ba ta zama ɗaya da wadda aka bari. Sai dai korar tsuntsu ba ta rage cikinsa. In kowa na korar nasa shi kaɗai, a kan marar ɗa da tsohuwa da wanda ya makara da dashe ɓarnar za ta tattaru. Ga kuma kuɗin da ba a lissafawa: shinkafar rani tana nuna ne wajen Afrilu da Mayu, cikin zafin da ke haura digiri 40, daidai lokacin da ɗalibai ke shirin jarrabawar ƙarshen shekara. Yaron da ke kan rumfa ba ya cikin aji.

Farautar kusu da gafiya da kurege ta fi ƙarfi bayan girbi, lokacin da gonaki suka washe. Samari kan fita da karnuka da kere da gora. In an ga rami mai sabuwar ƙasa da ɓawon gujiya ko ƙwallon aduwa a bakinsa, an san da mai gida a ciki. Sai a zagaya a nemo sauran ƙofofi a toshe, a bar ɗaya inda kare zai tsaya. A cusa busasshiyar ciyawa a ɗaya bakin, a kunna, a yi ta fifita hayaƙi ciki. In gafiya ta yi taurin kai a sa fartanya. Babban cikin samarin ba ya gajiya da gargaɗin ƙanana kada wanda ya zura hannu a rami, domin ba kowane rami ne mai shi na asali ke ciki ba, maciji ma yana aron ɗaki. Wani lokaci a ƙarshen ramin ana tarar da tarin gujiya da ƙwayar hatsi, shaidar satar da aka daɗe ana yi.

Wannan sana'a tana da tsari tun kaka da kakanni. Hausawa suna da sarkin baka da maharba, Zabarmawa da Sonrai suna da nasu da suke kira gaw. A Masalata kusa da Birnin Ƙonni har yau ana bikin buɗin daji. Ma'anar duk wannan ita ce daji yana da lokacin shiga da lokacin bari, akwai kuma wanda ake tambaya kafin a shiga. Wannan hikima ce ta fi saurin zubewa a yau, ba danƙo da tarko ba.

Me ya sa kisa ba ya ƙarar da su

A 1965 ƙasashen yankin suka haɗa ƙungiyar OCLALAV mai hedkwata a Dakar domin yaƙi da fara da tsuntsaye. An yi amfani da jiragen sama, an fesa guba a makwantan janbaki, a wasu ƙasashe har da nakiya da fetur aka tayar da wuraren kwanansu. A Nijar wannan aiki yana hannun babbar hukumar kare tsirrai ta ma'aikatar noma, DGPV, tare da manoman da aka horar a ƙauyuka don feshi. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tun 1974 tana horar da ma'aikata tana bin diddigin yanayi. An kashe tsuntsaye miliyoyi bisa miliyoyi. Yawansu bai ragu ba.

Wani masani ɗan Ingila, Peter Ward, wanda ya yi aiki a arewacin Najeriya wajen tafkin Cadi a farkon shekarun 1960, ya bayyana dalili. Ya duba abin da ke cikin dubban janbaki, ya tarar abincinsu na asali 'ya'yan ciyawar daji ne. Sun fi son su a kan hatsi. Gona suke faɗawa idan na daji ya yi ƙaranci. Mafi tsananin lokaci gare su shi ne farkon damina, sa'ad da 'ya'yan ciyawar da ke ƙasa suka tsiro gaba ɗaya: abinci ya ɓace dare ɗaya, dole su yi ƙaura zuwa inda ruwa ya riga ya sauka ciyawa ta yi ido. Yunwar wannan lokaci tana kashe adadi mai yawa kowace shekara. Saboda haka da yawa daga cikin waɗanda jirgi ya kashe da rani, dama yunwa za ta kashe su. Waɗanda suka rage kuma sun sami ƙarin abinci. Macen janbaki tana yin ƙwai uku galibi, ta ƙyanƙyashe cikin kwana goma, 'ya'yan su bar sheƙa bayan mako biyu, iyayen su bi ruwa gaba su sake wata sheƙar. Giɓin da aka yi bana, kafin baɗi ya cike.

Wannan ya nuna dalilin da ya sa shinkafar rani ta bakin kogi ta fi shiga uku. A watan Mayu daji ya bushe, dabbobi sun tattake abin da ya saura, koren fili ɗaya tilo mai ƙwaya da ruwan sha a kusa shi ne na manomin Saga da Libore.

Haka labarin kusu yake. Kusun gida da gona da ake kira Mastomys natalensis yana ɗaukar ciki na kimanin kwana 23, mace ɗaya ta haifi goma ko fiye a ciki guda. Manyan annobar kusu da Sahel ta gani a 1975 zuwa 1976, da kuma 1986 zuwa 1987, duk sun biyo bayan fari ne: ruwa ya dawo, ciyawa ta yi yawa, masu cin kusu kuwa ba su farfaɗo ba tukuna. Abinci da mafaka ne ke yanke yawan kusu. In an kashe ɗari a gona ɗaya aka bar ciyawa a kan madatsai da zubabben hatsi a masussuka, na maƙwabta za su maye gurbinsu cikin 'yan makonni. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Guba da wuta

Maganin da aka fi fesa wa janbaki shi ne fenthion. Ba ya tantance tsuntsu. Yana kashe duk mai fiffiken da ya kwana a wurin, sannan shaho da shirwa da mujiya da dila da suka ci gawar su ma su bi. Mutanen ƙauye da suka wayi gari suka tsinci tsuntsaye zube a ƙasa, ba kowa ne ke iya kawar da kai daga nama kyauta ba. Ƙasar Cadi ce da kanta ta kai batun wannan magani gaban yarjejeniyar Rotterdam kan sinadarai masu haɗari, bayan ya yi wa masu aikin feshi illa.

Maganin ɓera ma bai fi sauƙi ba. Ƙasashen Sahel na ƙungiyar CILSS suna da kwamitin da ke tantance magungunan ƙwari, mai zama a Bamako, amma duk wanda ya shiga kasuwa ya san ana sayar da maganin ɓera a ƙulle cikin leda, ba suna ba bayani, a kan tebur ɗaya da kayan miya. Ana kwaɓa shi da tsaki ko kifi a ajiye a bakin rami. Kusun da ya ɗanɗana kaɗan ya ji ciwo bai mutu ba, ba zai sake kusantar wannan abinci ba. Kaza da kare da kyanwa ba su da wannan wayo, yaro mai rarrafe ma haka.

Sai wuta. Cinna wa daji wuta don a kori kusu da zomo yana cikin mafi munin abin da ake yi da sunan farauta. Saboda nama cikin jaka ɗaya, a ƙone ciyawar da garken shanu zai ci wata guda, a ƙone ƙananan itatuwa, a bar ƙasa tsirara iskar hunturu ta kwashe ta. Daga nan sai rigimar manomi da makiyayi.

Babbar asarar ita ce ta masu gadin da ba a biyansu, wato tsuntsaye masu farauta. Wani masani ɗan Faransa, Jean-Marc Thiollay, ya ƙirga tsuntsaye masu farauta a kan hanyoyin Nijar da Mali da Burkina Faso wajen 1970, ya sake bin hanyoyin bayan shekara talatin da 'yan kai. Ya tarar a wajen gandayen da ake karewa manyan ungulaye sun kusa ƙarewa, gaggafa da danginta sun ragu matuƙa. Mujiya kuwa ta gamu da baƙin jini a al'adarmu, yaro ya gan ta sai jifa, alhali gida ɗaya na farar mujiya yana cinye dubban kusa a shekara. A Isra'ila tun 1983 manoma ke kafa mata akwatuna a gonaki don ta zauna, daga baya manoman Jodan da Falasɗinu suka shiga shirin. A Maleshiya ma haka ake yi a gonakin kwakwar manja. Ƙasar Sin ta ɗanɗana kuɗar akasin haka: a 1958 aka umarci jama'a su ƙarar da gwara don tana cin hatsi, ƙwari suka sami sake suka faɗa wa gonaki, a 1960 dole aka janye umarnin, ana tsakiyar yunwar da ta kashe miliyoyin mutane.

Ba sai mun je nesa ba wajen koyon darasin. Babu mai harbin shamuwa a ƙasar Hausa ko ta Zabarma, ana barinta ta yi sheƙa a tsakar gari don ita ke kawo albishirin damina, kuma fara ce abincinta. Manoman Maraɗi sun karɓi ɗan ƙwaron nan da cibiyar binciken noma ta INRAN ke rabawa cikin 'yan jakunkuna don ya kashe tsutsar zangarniya. Wanda ya yarda ƙwaro na iya yi masa gadi, ba zai yi wuya ya yarda da mujiya ba in an yi masa bayani.

Itatuwa ma suna shan hukunci irin na mujiya. Manomi yakan sare itace don tsuntsu na kwana a kai. Amma sassaben zamani da manoman Maraɗi da Damagaram suka rungumi tun shekarun 1980 ya mayar da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5, hatsi bai ƙare ba, ƙaruwa ya yi. Rage rassan itacen da garke ya mayar makwanci, ko kakkaɓe sheƙa kafin a ƙyanƙyashe, ya wadatar.

Abin da doka da addini suka ce

An hana farauta gaba ɗaya a Nijar a shekarun 1970, ba a sake buɗe ta ba sai a 1996. Dokar da ta tsara lamarin ita ce mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998. Ta san da zaman farautar gargajiya, ta jera dabbobin da aka haramta taɓawa, ta kuma hana farauta da wuta, da abinci mai guba, da dare, da kuma a kan mota. Jami'an gandun daji ne ke tsaronta. Matsalar ita ce kaɗan ne daga cikin samarin da ke fita da karnuka suka taɓa jin abin da ke cikinta da Hausa ko Zabarmanci. Dokar da ba a sani ba sai ranar kamu ba ta gyara hali.

Halin tsaro ya ƙara dagula al'amarin. Tun 2017 sassan jahar Tilaberi, wadda ta kewaye Yamai, suke cikin dokar ta-ɓaci. Harin Kure na ranar 9 ga Agusta 2020, a yankin raƙuman dawa, kilomita 60 kacal daga birni, ya kashe mutum takwas. A irin wannan yanayi, shiga daji da bindigar toka ko tafiya cikin gungu da makamai kasada ce da ran mutum. Tarko da raga da gadi a cikin gonar da kowa ya san ta mai ita ce, su ne suka dace da zamanin.

Malamanmu na mazhabar Malikiyya ba su bar wannan babi ba. Ɓera yana cikin 'yan halittun da aka yarda a kashe ko da mutum yana cikin harami, saboda cutarwarsa. Amma an hana mayar da mai rai abin gwada saiti, an hana kashe tsuntsu don wasa a jefar, an hana azabtarwa da wuta. Tsuntsun da dutsen danƙo ya kashe ko wanda ya mutu a tarko mushe ne, sai in an riske shi da rai an yanka. Shi ya sa za ka ga yaro ya sheƙa da gudu da 'yar wuƙarsa da zarar kurciya ta faɗo. Ƙa'idar a taƙaice: a kashe don tunkuɗe cuta ko don ci, gwargwadon bukata, ba da mugunta ba.

Nama da cuta

Inda na ga babbar damar da ba a ci moriyarta ba shi ne a kama janbaki a ci. A kewayen Injamena, mutanen Hajarai suna zuwa makwantan tsuntsun a daren da ba farin wata, da raga mai kusurwa uku a kan dogayen sanduna, su rufe su a kan rassa. A fige, a soya, a shanya, a kai kasuwa. An ƙiyasta ana kama miliyan 5 zuwa 10 a shekara a wannan yanki. A Tanzaniya, mutanen Kondowa suna kama shi da kwandunan tarko. A fadamun Haɗeja da Nguru, inda ciyawar kacala ta zame masa mafaka, soyayyen janbaki abin sayarwa ne. Wannan ma ba zai ƙarar da shi ba, amma yana mayar wa manomi wani abu daga hatsin da aka ci masa, kuma ba ya kashe mujiya. Sharaɗi ɗaya ne: inda ake kamawa don ci, kada a yi feshi.

Naman kusu da gafiya kuwa yana bukatar taka-tsantsan. Masu bincike na Nijar da na cibiyar IRD ta Faransa, cikinsu har da Madougou Garba da Gauthier Dobigny, sun ɗana tarkuna a unguwanni da garaken Yamai. Sun tarar Mastomys natalensis ne ya mamaye gidaje, baƙin ɓeran da ya shigo ta hanyar fatauci ya kama kasuwanni da mayanka, ɓeran ciyawa da gafiya suna garake. A 2015 suka bayyana cewa ɓerayen garaken bakin kogi suna ɗauke da ƙwayar Leptospira, wadda ke fita ta fitsarinsu ta shiga ruwa da laka, ta kama mutum ta ƙujewar ƙafa ko hannu. Zazzaɓinta yana kama da na cizon sauro, don haka sau da yawa ba a gane ta. Ambaliya irin ta Satumban 2020, wadda ta fasa madatsai ta shanye filayen Saga da Kirkisoy, tana ƙara haɗa mutane da wannan ruwa. Da aka tambayi mazauna birni illar ɓera, abinci da tufafi da bango suka lissafa, batun cuta kusan bai fito ba.

Shi Mastomys natalensis ɗin nan kuma shi ne ke ɗauke da zazzaɓin Lasa, wanda aka fara ganowa a garin Lasa na jihar Borno a 1969, yake kuma kashe mutane a Najeriya kowane rani. Wurin kamawa da fiɗa ne haɗarin yake, inda jini da fitsari ke taɓa hannu. Kusun gida dai a kashe shi a binne, ba na ci ba ne. Abin da aka tsinta matacce ba a san abin da ya kashe shi ba, a bar shi.

Inda ya kamata a dosa

Na farko, a haɗa kai a kan lokaci. Fili ɗaya na ban-ruwa yana da manoma ɗaruruwa, kowa da rubu'in hekta ko rabi. In ƙungiyar manoman filin ta tsayar da ranar dashe, shinkafa ta nuna tare, ɓarnar tsuntsu za ta watsu ta yi sauƙi, kwanakin gadi su ragu. A ɗauki manya 'yan gadi a biya su daga asusun ƙungiya, yara su koma makaranta.

Na biyu, a yaƙi kusu kafin ya hayayyafa. Ƙauye ko fili gaba ɗaya ya ware kwanaki gab da shuka, a nome madatsai, a ɗana tarkuna, a haƙe ramuka. Manoman shinkafa a Biyetnam da Indunusiya da haka suka rage dogaro da guba. Cire ciyawa daga cikin shinkafa ma yana rage saukar tsuntsu, domin 'ya'yan ciyawar ne ke fara jawo shi.

Na uku, a rufe wa ɓarawo ƙofa. A ɗaga rumbu daga ƙasa, a naɗe ƙafafunsa da kwano mai santsi, a share kewayensa. Wake a zuba shi a ganga mai murfi ko buhun nan mai ruɓi uku, a ɗora bisa katako. Inda tsuntsu ya yi yawa a gwada hatsi mai gashi a zangarniya, wanda ke tsone masa ido.

Na huɗu yana wuyan hukuma. DGPV da jami'an gandun daji su fitar da bayani ɗaya, a gidajen rediyon karkara, da harsunan da mutane ke ji: ga abin da za ka iya kamawa a gonarka, ga abin da ba a taɓawa, ga inda za ka kai rahoto in garke ya kafa makwanci. A fayyace izinin kama janbaki da raga, a kawo masu sana'ar daga Cadi ko Haɗeja su koya wa samarin bakin kogi. A kwashe gubar da ba ta da rajista daga tebura. Feshi ya zama na ƙarshe, a wurin da aka tabbatar garke na barazana ga gonaki na kusa, a kuma killace wurin bayan an yi.

Ba da yawan gawar tsuntsu ko bindin kusu za a auna nasara ba. A auna ta da buhun da ya shiga gida, da yaran da ba su rasa aji ba, da adadin mutanen da guba ba ta kai asibiti ba. Ƙungiyar manoman da ta fara rubuta waɗannan alƙaluma a littafinta girbi bayan girbi, cikin 'yan shekaru za ta gane da kanta dabarar da ke biyan kuɗinta da wadda ya kamata ta jefar.